Yadda Ake Gane Randa Mai Kyau

Tambaya: Malama, zan aurar da 'yata, ina son sa mata randa a kayan ɗaki. Yaya zan gane wadda ba ta yoyo? Wata uwa daga Ringim.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ki ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ta yi ƙara garau, ta gasu. In sautin ya dushe, akwai tsaga ko wuta ba ta ratsa ta ba. A cika ta da ruwa ta kwana. Ɗan gumi a jikinta ba aibu ba ne, shi ke sanyaya ruwa, amma in gindi na ɗiga, ki bar ta. Sabuwa tana warin ƙasa, a canza ruwa sau 3 kafin a sha. Ki saya a gidan maginiya, kuma kada ki matse ta a ciniki, itacen gashi ya yi tsada.