Takalmi, ƙwaya da dabino: amsoshin masu gudun asuba a Bauchi

Tun da sanyi ya shigo wasiƙu suka ƙaru, wasu daga masu shirin tseren fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, wasu daga masu son fara gudu. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Malam, wani yana tallan takalmin gudu a WhatsApp, ya ce irin na zakaran gudun nan ɗan Kenya Kipchoge ne mai faranti a cikin soso, sabo fil a kwali, naira dubu 35. In saya? Daga ɗalibi a Gwallameji.

Amsa: Kada ka saya, ɗana. Jabu ne, ba sai na gan shi ba. Na ainihi a shagon kamfanin Nike ya haura dala 200. Ka tambayi 'yan canji nawa dala take yau, ka buga lissafin da kanka, sannan ka gaya min wane ɗan kasuwa ne zai biya kuɗin jirgi da na kwastan ya zo ya karyar maka da shi haka. Abin da ya sa na ainihin tsada shi ne soson ƙasansa, marar nauyi mai mayar da ƙarfin taku. Na jabu roba ce mai tauri da aka yi wa ado, kafin wata guda ta kwanta gefe ɗaya, kai kuma ƙwauri da agara su fara ciwo kana neman dalili a wani wuri. Ko na ainihin ma don ranar tsere aka yi shi, ba ya jure tsakuwar gefen titin Yelwa.

Da wannan kuɗin ka shiga Wunti ko Muda Lawal wurin 'yan gwanjo ranar da aka fasa dila. Ɗora takalmin a kan benci ka dube shi ta baya: in dunduniyar ta karkata, ajiye. Danna soson da babban yatsa. In ya yi tauri ko ya cika da tamoji a gefe, mai shi na farko ya riga ya cinye shi, domin takalmin gudu tsakanin kilomita 500 zuwa 800 yake ƙarewa. Lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwashe a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita, ka bar sarari faɗin babban yatsa a gaba.

Tambaya: Ina sa leda a ƙarƙashin rigar sanyi in na fita gudu don tumbi ya narke. Wace leda ce ta fi kawo zufa? Daga ma'aikaci a Federal Low-cost.

Amsa: Babu. Zufa ruwa ce, ba kitse ba. Abin da ka rage a sikeli da safe zai dawo da ruwan leda biyu kafin azahar. Ka ci gaba da wannan zuwa watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke taɓa digiri 40, za a kwashe ka a gefen hanya. Cire ledar, ka rage tuwon dare.

Tambaya: Malam, shekaruna 43, 'ya'ya biyar. Na gwada gudu sau biyu, ko minti uku ban kai ba haki ya tsayar da ni, har na ji kunya. Ko dai jikina ya wuce wannan? Kuma sai na sayi kaya na musamman? Daga malamar makaranta a Fadaman Mada.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, jikinki bai wuce komai ba. Sauri kika yi, kuma kusan duk mai farawa haka yake yi, yana fita kamar ana binsa. Kafin komai ki je a auna miki hawan jini da sukari, ki kuma san rukunin jininki na sikila idan ba ki sani ba. In likita ya ce ba matsala, fara da tafiya mai ɗan sauri na minti 2, sassarfa minti 1, ki yi ta maimaitawa har minti 20 zuwa 30, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Bayan mako biyu ki mayar da shi biyu da biyu. A haka cikin wata biyu zuwa uku mutane da yawa ke kai kilomita 5 ba tsayawa.

Ma'aunin sauri yana bakinki. In za ki iya amsa gaisuwa cikakkiya, ki tambayi mutanen gida ba tare da numfashi ya yanke miki magana ba, daidai kike. In ba za ki iya ba, koma tafiya, babu abin kunya a ciki. Kaya kuwa, hijabi marar nauyi wanda ba ya jan ƙasa, wando mai sakewa da kambas mai kyau sun isa. Rigar mama mai riƙewa sosai ita ce kaɗai nake cewa kada ki yi mata rowa. Ki samu maƙwabciya ko abokiyar aiki ku riƙa fita tare bayan asuba, a filin makarantarku ko harabar filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari ki jira ta lafa. Jiri, ciwon ƙirji ko bugun zuciya da ya rikice kuwa, ki tsaya nan take ki ga likita. Allah ya ƙara lafiya, ki rubuto min bayan wata ɗaya.

Tambaya: Koci, abokan guduna suna shan tramol ko diclofenac kafin dogon gudu, su kora da lemon ƙara kuzari. Sun ce ba sa jin gajiya ko ciwo. Wanne ya fi, kuma guda nawa? Daga matashi a Ƙofar Ran.

Amsa: Ko guda ɗaya. Wannan wasiƙar ta tayar min da hankali fiye da duk sauran, kuma na san ba kai kaɗai ba ne. Duk mai zuwa filin atisaye da sassafe ya ga fankon katin ƙwaya yashe a gindin katanga, kowa kuma ya san yadda ake samunta: yaron kemis ya ɗauko almakashi ya yanko biyu daga wannan kati, ɗaya daga wancan, ya ƙunshe a takarda ya ce haɗin ciwon jiki ne. Mai sha bai san sunansu ba, bai ga ranar lalacewarsu ba, bai ga lambar NAFDAC ba.

Tramol dangin ƙwayoyi masu kama jiki ne. Yau ɗaya ta ishe ka, wata mai zuwa sai biyu, daga nan ranar da ba ka sha ba ko daga shimfiɗa ba ka iya tashi. Yana jawo farfaɗiya, yana kawo jiri, kai kuma kana gefen titin Jos ana wucewa da tirela. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024, a nan gida kuma ka san abin da ke tsakaninsa da NDLEA. Mai mafarkin cin kuɗin gasa a Legas ko tseren Okpekpe na jihar Edo ya sani gwajin fitsari ɗaya ya isa ya rufe masa ƙofa.

Diclofenac da ibuprofen su ne mutane ke rainawa saboda ana sayar da su ko'ina. Ka fahimci yadda abin yake. Lokacin da kake gudu mai nisa, jini yana barin kayan ciki ya tafi ƙafafu da fata, ƙoda na samun kaɗan. Zufa ta sake rage ruwan jiki. A wannan halin jiki yana da sinadarin da ke riƙe hanyoyin jinin ƙoda a buɗe, su kuma waɗannan magungunan aikinsu ke nan toshe wannan sinadarin. Zafi, ƙishirwa da ƙwaya a cikin da babu abinci, ka haɗa wa ƙodarka abin da ba za ta iya ɗauka ba, ga gyambon ciki a gefe. Ka je ka tambayi duk gidan da ke da mai wankin ƙoda abin da suke kashewa a mako, ka ga ko akwai tseren da ya kai wannan.

Sannan ciwon da kake son dannewa ai saƙo ne. Tsamin jiki na kwana biyu zuwa uku bayan atisaye mai nauyi ba komai ba ne, barci da abinci ke maganinsa. Amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙwauri ko tafin ƙafa, wanda za ka iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa in ka taka, yana iya zama tsagewar ƙashi. Ka danne shi da ƙwaya, hutun mako biyu ya koma na wata uku. Fitsari in ya koma kalar baƙin shayi bayan gudu, asibiti ranar, ba gobe ba.

Haka nake cewa game da garin gina jiki da ake ɗurawa a roba ba suna ba lamba. Ba ka san me ke ciki ba, mai sayarwar ma bai sani ba. Kuɗin ka sayi ƙwai, wake, kifi, awara da nono. Ku kuma manya da ke jagorantar yara a fili, kuna gani kuna kawar da kai, Allah zai tambaye ku.

Tambaya: Malam, na yi rajistar kilomita 42 na Legas, burina awa 5. An ce sai na sayi abincin gudu na 'yan ƙananan leda da ake kawowa daga waje. Dole ne? Daga ɗan kasuwa a Jahun.

Amsa: Ba dole ba ne, Alhaji. Sukari ne da ɗan gishiri a leda mai kyau. Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka yana ƙarewa bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu, shi ya sa ƙafafu ke mutuwa a wajen kilomita 30. Ana so ka riƙa samun giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci duk awa, kana farawa tun kafin ka ji yunwa. Ƙaramin dabino yana da giram 5 zuwa 6, ayaba matsakaiciya wajen 25. Cire ƙwallon dabinon tun a gida, ƙulla a leda, ka riƙa cin biyu ko uku duk minti 20 kana bi da ruwa. Don gishiri, ruwan gishiri da sukari da iyaye mata suka sani ya wadatar: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Duk wannan ka gwada shi a dogon gudunka na ƙarshen mako; ranar tsere ba a ɗanɗana sabon abu. Karin kumallo awa biyu zuwa uku kafin tashi, koko da burodi. Ƙosai da masa da miya su jira ka dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne iskar Legas. A hunturun Bauchi zufa tana bushewa kafin ka gan ta, a can kuwa laima ce, zufar na zuba ba ta sanyaya jiki. Awa 5 na nufin minti 7 da daƙiƙa 7 a kowace kilomita. Rabin farko ka tafi a hankali fiye da haka, ka bar masu zumuɗi su wuce. Ka sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, kada ka yi ta ɗura, yawansa ma yana da haɗari. In kuma zuwa mako uku kafin ranar ba ka taɓa kai kilomita 28 zuwa 30 a atisaye ba, ka koma na kilomita 10 da ake yi a rana guda, baɗi ka yi babban.

Tambaya: In na je Jos Asabar da Lahadi na yi atisaye, zan samu huhun 'yan Filato? Daga ɗalibi a Yelwa.

Amsa: Za ka samu sanyi da kuɗin mota. Jos tana kan tsayin mita 1,200 ne, Iten ta Kenya inda zakarun suke kuwa wajen 2,400, kuma sauyin da tsayin wuri ke kawo wa jini ba ya zuwa a kwana biyu, sai an yi makonni. 'Yan Pankshin da kake gani a gaba shekaru suka yi suna hawan tudu. Nemi hawa mai tsawon mita 200 a kusa da kai, ka hau da gudu ka sauko da tafiya sau 6, sau ɗaya a mako.