Yaya zan hau jirgi da keken guragu ba tare da an ciccibe ni ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Jos. Shan inna ya taɓa ƙafafuna tun ina 'yar shekara huɗu, da keke nake dukkan zirga-zirgata. Bana Allah Ya nufa zan tafi Umra tare da ƙanena, daga Abuja za mu tashi. Sau ɗaya na taɓa hawa jirgi, zuwa Legas, kuma ban ji da daɗi ba. Muna isa gindin matakala sai wasu maza biyu suka ciccibe ni suka hau da ni, jama'a na kallo. Da muka sauka kuma na tarar an karya wa kekena madogarar ƙafa. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Akwai yadda zan yi kada a maimaita? Kuma wannan taimako biya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya, Ya karɓi ibada.

Bari in fara da na kuɗin, don shi ne mai sauƙi. Ba a biya. Turawa a keke daga ƙofar filin jirgi zuwa kujerarki, da hawa da sauka, duk suna cikin haƙƙinki, kuma keken da kike amfani da shi ba a lissafa shi cikin kilon kayanki. In kin ga dama kin ba yaron da ya tura ki na goro, wannan alherinki ne. Amma in wani ya tsaya yana yi miki ciniki kafin ya taɓa keken, ki nemi shugabansa.

Abin da ya same ki a tafiyar Legas, ina kyautata zaton tun ranar da aka yanki tikitin ya faro. Na yi shekaru ina aiki a kantar karɓar fasinjoji a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kuma abin da ma'aikaci ke gani a kwamfuta game da ke haruffa huɗu ne kawai. Su ke faɗa masa me zai tanada. In an rubuta WCHR, ma'anarsa fasinja na iya hawa matakala da kansa, doguwar tafiya ce kawai ke ba shi wahala. In WCHS ne, ba ya iya matakala, amma in an kai shi ƙofar jirgi zai taka zuwa kujerarsa. WCHC kuwa na wanda ba ya takawa sam, sai an kai shi har kan kujera. Kamfanonin jiragen duniya duk da waɗannan haruffa suke magana da juna, daga Abuja har Jidda.

To a nan mutanenmu suke cutar kansu, kuma kunya ce ke jawowa. Ejan mai yankan tikiti zai tambaya, "Hajiya tana iya takawa?" Sai a ce, "Alhamdulillahi, tana ɗan taɓawa." Shi kuwa ejan sai ya danna WCHR ya wuce, don ita ce ta farko da ya saba da ita. Wasu ma ba sa tambaya, da sun ji an ce keke shi ke nan. Na taɓa ganin wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye, ɗansa ya ce wa ejan Baba na iya takawa kaɗan-kaɗan, don ba ya son ya faɗi lalurar mahaifinsa a gaban mutane. Ranar tafiya jirgin ya tsaya can nesa da gini, aka kai su a bas. Rana tsaka, kwalta na tururi, dattijon na zaune a gindin matakala ya riƙe hularsa da hannu ɗaya saboda iskar injin, kowa ya hau ya bar shi. Motar da za ta ɗaga shi ba a kira ta ba, don a takarda an ce yana hawa da kansa. Ɗan ya tsaya yana ta ba shi haƙuri, mu ma muna ba su haƙuri, alhali magana ɗaya ce da an faɗe ta kwana biyu kafin nan da ba a kai ga haka ba.

Saboda haka ki faɗi abin da ba ki iyawa, ɓaro-ɓaro. Ki ce ba kya hawa matakala, ba kya takawa cikin jirgi, a sa miki WCHC. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki yi haka tun lokacin yankan tikiti, in ya wuce to aƙalla awa 48 kafin tashi, don wannan ne wa'adin da galibin kamfanoni ke nema. Kuma kada ki tsaya a kan "an sa" ta fatar baki. Ki ce ejan ya turo miki takardar tafiyar ki ga haruffan da idonki. Tafiyar Umra ta rukuni ce sau da yawa, sunaye arba'in ko hamsin a tura su lokaci guda, kuma a irin wannan turawar ce bayanin mutum ɗaya ke salwanta. In jirginku zai yada zango a Alkahira ko Addis Ababa, ki tabbatar haruffan suna kan kowane zango, har da na dawowa. Ni da kaina zan so ki kira ofishin kamfanin jirgin ko ki aika musu imel, ki ajiye amsarsu a wayarki.

Yanzu maganar ciccibar. Hanyar shiga jirgi iri biyu ce. In jirgin ya jingina da gini, akwai gadar nan mai rufi da ke kaiwa har ƙofarsa, ba matakala ko ɗaya. Sabon ginin jiragen ƙasashen waje na Abuja, wanda aka buɗe a Disambar 2018, yana da irin waɗannan gadoji. Sai dai ba kullum ake samun gurbi ba, kuma ba ke ce za ki zaɓa ba. In jirgin ya tsaya a fili, abin da ya dace a kawo shi ne motar da muke kira ambulif: wani akwati ne a bayan babbar mota, a tura ki ciki kina kan keke, ya ɗaga sama har daidai ƙofar jirgi. Motocin nan ba su da yawa, kamfanonin hidimar ƙasa irin su NAHCO da SAHCO ne ke riƙe da su, kuma sai kamfanin jirgi ya nema ake kawowa. Shi ya sa sanarwar wuri take da amfani. Ranar tafiya, kina isa kanta ki tambaya: gada ce ko bas? In an ce bas, ki ce a kira ambulif tun yanzu.

In duk an yi an rasa, akwai wata siririyar kujera mai bel da ake ɗaure mutum a kai, ma'aikata biyu su kama ta gaba da baya su hau da ita. Kujerar ake kamawa, ba jikinki ba. Wannan siririyar kujera ita ce kuma za a tura ki a kanta tsakanin layin kujerun jirgi, don kekenki ba zai shiga wannan lungu ba. Wurin da hannu ke kaiwa ga jiki shi ne lokacin sauyawa daga keke zuwa kujera. Ki ce ƙanenki ne zai taimaka miki, ko a kawo ma'aikaciya mace. In kina iya ja da hannuwanki ki sauya da kanki, kamar yadda da yawa masu shan inna suke yi, ki gaya musu su riƙe kujerar kawai. Ke kika san jikinki. Ma'aikacin kirki tambaya yake fara yi, "Hajiya, ta ina zan kama?" Wanda bai tambaya ba ki dakatar da shi cikin mutunci.

Haka ma wajen bincike. Keke ba ya bi ta ƙofar na'ura, in kuma kina sa ƙarfen ƙafa dole ta yi ƙara. Da hannu za a duba ki, mace ce za ta duba, kuma kina da damar cewa a shiga da ke ɗaki.

Doka na bayanki a duk wannan. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa kamfanonin jiragen da ke aiki a Najeriya su tanadi kekuna masu aiki, su taimaka wa mai lalura ya hau ya sauka cikin aminci, su kuma ba shi fifiko wajen shiga. Ta yanka tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. A ganina tarar ta yi kaɗan ga kamfanin jirgi, amma ambaton dokar kaɗai na sa wasu su gyara zama. Hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filin jirgi, ki tambayi inda teburinsu yake in abu ya cije.

Sai keken naki, wanda shi ne ƙafarki. Ba ki faɗi irinsa ba. In irin mai ƙafa uku ne da ake murzawa da hannu, wanda aka fi gani a titunanmu, ki bar shi a gida, don ba ya naɗewa kuma zai yi wuya a karɓe shi yadda yake. Ki nemi mai naɗewa. Ki roƙi a bar ki a kansa har ƙofar jirgi, a liƙa masa tambarin kaya mai sunanki, a can za a karɓa a saukar da shi rumbun kaya. Kafin ki miƙa shi, ƙanenki ya ɗauke shi hoto ta kowane gefe, a cire duk abin da ke cirewa: matashin zama, madogaran ƙafa, jakar baya. Ku shiga da su ciki. Madogarar da aka karya miki wancan karon, da an zare ta da tana nan. Matashin kuma ki zauna a kansa cikin jirgi, don Abuja zuwa Jidda kusan awa biyar ce, kuma zama wuri ɗaya a kan kujera mai tauri na iya jawo gyambo ga wanda ba ya motsa ƙafa.

In mai batir ne, to sai an ƙara shiri. Dole kamfanin ya san nauyinsa, tsawonsa da faɗinsa, da irin batirin. Batirin litiyom da ake cirewa, a hannu ake shiga da shi, kuma kada ƙarfinsa ya wuce Wh 300. Lissafin ba wuya: ki duba jikin batirin, ki ninka lambar V da lambar Ah. Mai V 24 da Ah 10 ya zama 240 ke nan, ya shiga. Ki ɗauki hoton wannan rubutu, don ma'aikacin da bai ga lamba ba ƙin karɓa zai yi, kuma da gaskiyarsa, batirin nan in ya kama wuta a sama ba wasa ba ne.

In an sauka kin ga ɓarna, kada ki fita daga zauren ɗaukar kaya sai kin je teburin ƙorafin kaya an cike miki takardar da ake kira PIR, an ba ki kwafi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ke hukunta tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, ta ba da kwana bakwai kacal a shigar da ƙorafin lalacewar kaya a rubuce. Diyyar ma tana da iyaka, wajen dala 2,000 ne a yanzu, wanda bai kai kuɗin wasu kekunan masu batir ba. Mutanenmu sukan ce "Allah Ya isa" su tafi gida, bayan wata guda su dawo neman haƙƙi, a lokacin kuwa ƙofa ta rufe.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, gara in faɗa miki. Bayan gidan jirgi ƙanƙane ne ƙwarai. Manyan jirage masu hanyar wucewa biyu tsakanin kujeru galibi suna da ƙaramin keke a ciki, ma'aikata za su tura ki zuwa ƙofar bayan gida su dawo da ke, amma ba sa shiga, ba sa ɗaga fasinja, ba sa ba da magani. Ki tambaya tun wajen yankan tikiti ko jirgin na da wannan keke. Ki kama ruwa ki yi alwala a filin jirgi dab da shiga. Amma kada ki ƙi shan ruwa gaba ɗaya don gudun fitsari, kamar yadda na ga mata da yawa na yi, iskar cikin jirgi busasshiya ce, za ki sauka da ciwon kai ga ɗawafi na jiran ki. Ki nemi kujerar da hannunta ke ɗagawa sama, kusa da bayan gida, ƙanenki a gefenki. Layin ƙofar gaggawa kam ba za a ba ki ba, ƙa'ida ce a ko'ina. Magungunanki su kasance a jakar hannu.

Ba a neman takardar likita don mutum na da shan inna, lalura ce da ta zauna, ba ciwo ba. Ana neman ta ne ga wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko mai buƙatar iskar oksijin, da makamantansu. In wani ya nace sai kin kawo, ki ce ya nuna miki inda aka rubuta.

Ke za a fara shigarwa, ke ce kuma ta ƙarshen fita, wani lokaci sai jirgi ya watse ana shara kina zaune kina jiran kekenki. Kada ki yarda a fitar da ke kafin ki ga keken, naki ko nasu, a bakin ƙofa. Saboda wannan jiran, in akwai sauyin jirgi a hanya kada ku karɓi tazarar da ta gaza awa biyu da rabi zuwa uku. Ki kuma gaya wa shugaban rukuninku tun a Abuja cewa za ki riƙa fitowa a baya, kada bas ta tashi a Jidda a bar ku.

Tunda daga Jos za ku taso, ni dai shawarata ku kwana a Abuja. Hanyar Akwanga da Keffi ba a yi mata alkawarin lokaci, ga cunkoson Mararaba da Nyanya, sannan filin jirgin na can ɗaya gefen gari ta hanyar Lugbe. Ku isa kanta awa huɗu kafin tashi, lokacin layi bai yi tsawo ba, kekuna ba su ƙare ba, ma'aikaci kuma na da sukunin ɗaga waya ya nemo miki ambulif.