Sayen tsohuwar mota daga nesa: wa za ka tura ya duba, kuma me shari'a ta ce

Malam, na karanta wasiƙarka. Ka ce ka samu wata mota ƙirar shekarun 1960, irin waɗanda masu sha'awa suke saye su adana, tana hannun wani mutum a wata ƙasa mai nisa, kuma hotunanta kawai ka gani. Mai motar ya gaya maka ta waya cewa injinta na asali ne kuma ba ta taɓa yin haɗari ba, har ya ce akwai bakaniken da ya daɗe yana kula da ita wanda zai duba maka. Akwai kuma abokinka da ke zaune kusa da wurin, wanda ya ce zai leƙa maka kyauta. Kana son sanin wanda ya kamata ka tura, da wanda za ka kama idan motar ta iso ka tarar ba haka take ba.

Galibi dokar wurin da motar take ita ce za ta yi aiki a kan cinikin, sai dai idan kun rubuta wata a yarjejeniya. Yarjejeniyar Vienna ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe ba za ta taimake ka ba, domin ta cire kayan da mutum ya saya don amfanin kansa, ta kuma cire gwanjo. Zan kawo misalai daga dokar Ingila da ta Amurka, saboda ƙasashe da yawa suna bin tafarkinsu a sha'anin ciniki.

Idan mai sayarwar ba ɗan kasuwar motoci ba ne, kariyar da doka ta ba ka kaɗan ce. A ƙarƙashin dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1979, sharaɗin cewa kaya su kasance masu inganci yana hawa kan wanda sana'arsa ce sayarwa kawai. Mutumin da ke sayar da motarsa ta gida, abin da ke kansa shi ne motar ta zama tasa, kuma ta dace da yadda ya siffanta ta. A shari'ar Beale da Taylor ta 1967, an tallata wata mota Triumph Herald a matsayin ƙirar 1961, mai saye ya zo ya gan ta da idonsa ya biya, daga baya aka gano cewa motoci biyu ne aka haɗa da walda: bayan na 1961 ne, gaban kuwa na wata da ta girme shi. Kotu ta ba mai saye gaskiya, domin motar ba ta dace da abin da aka rubuta a talla ba. Amma a shari'ar Oscar Chess da Williams ta 1957, inda wani ya sayar wa dillalan motoci wata Morris yana cewa ta 1948 ce, bisa abin da ya gani a takardar rajistarta, alhali ta 1939 ce, kotu ta ce wannan magana ba alkawari ba ce, tunda dillalan sun fi shi hanyar gano gaskiya. Wato ba kowace maganar mai mota ce take zama sharaɗin ciniki ba, balle wadda aka faɗa ta waya.

Bakaniken mai mota ka cire shi daga lissafi. Ba ina zarginsa da ƙarya ba ne. Amma mutumin da ya yi shekaru yana gyaran motar, aikin hannunsa za ka ce ya duba, kuma abincinsa yana wajen wanda ke son a yi cinikin. Idan mai motar ne ya biya shi, babu yarjejeniya tsakaninka da shi, sai dai ka bi shi ta hanyar ƙarar sakaci, wadda doguwa ce. Tun shari'ar Hedley Byrne ta 1964 kotunan Ingila suka yarda cewa masanin da ya ba da bayani da sakaci, yana sane za a dogara da shi, yana iya biyan diyya, amma a wannan shari'ar ma masu ƙara sun faɗi, domin bankin da ya ba da bayanin ya rubuta cewa bai ɗauki alhakin komai ba.

Batun abokinka ya fi wuya, domin zumunci ya shiga ciki. A 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Chaudhry da Prabhakar: wata mata da ba ta san mota ba ta roƙi abokinta ya nemo mata wadda ba ta taɓa yin haɗari ba, shi kuwa ya ga alamar an gyara murfin injin wata Volkswagen Golf amma bai tambayi dalili ba, ya ce mata ta saya. Daga baya aka gano motar ta taɓa yin mummunan haɗari, kotu ta ɗora masa alhaki duk da bai karɓi ko sisi ba, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ya nuna shakkarsa. To a takarda kana iya ƙarar aboki. A zahiri kuwa, ban ga mai hankalin da zai so ya yi asarar kuɗi sannan ya ƙara da asarar aboki ba. Ka bar shi ya tabbatar maka cewa motar tana nan, mai ita mutum ne na gaske, kuma sunan da ke takardun shi ne nasa. Wannan kaɗai babban aiki ne, domin ɗaya daga cikin zambar da ake yi a irin wannan ciniki ita ce a sayar da motar da babu ita.

Wanda za ka tura shi ne ƙwararren da kai ka nemo, kai ka biya, kuma kuka yi yarjejeniya a rubuce. Ƙungiyoyin masu irin wannan ƙirar mota da kamfanonin inshorar tsofaffin motoci su ne suka fi sanin masu wannan aiki. Ka nemi wanda ya san ƙirar kanta, domin bakaniken da ya saba jona kwamfuta ya karanta matsalar motar zamani ba lallai ya san inda tsatsa ke ɓuya a motar da ta haura shekara 50 ba. Ka sa ya rubuta cewa ba shi da alaƙa da mai motar kuma ba zai karɓi la'ada ba, ka kuma tambaye shi ko yana da inshorar da ke biyan diyya idan ya yi kuskure a aikinsa, tunda hukuncin kotu a kan wanda ba shi da abin biya takarda ce kawai.

Yarjejeniyar ta faɗi abin da zai duba dalla-dalla. A ɗaga motar sama a ga ƙasanta, a auna kaurin fenti don gano inda aka cike lotsawa aka rufe, a tayar da injin da sanyinsa, a auna ƙarfin matsin kowace silinda, a hau titi da ita. Sai lambobi, waɗanda a nan ne darajar irin wannan mota take. Lambar shaidar mota mai haruffa da alƙaluma 17 ba ta zama ƙa'ida ba sai a 1981. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa, don haka sai wanda ya san ƙirar ne zai iya cewa lambar shasi da ta inji sun dace da juna, ko an sake buga su. Ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarshen takardarsa da kyau. Yawancinsu suna rubuta cewa abin da ido ke gani kawai suka duba, wasu kuma suna ƙayyade diyyar da za su biya ga kuɗin aikin da ka ba su. Idan ka ga haka, ka nemi a sauya kafin ka sa hannu.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: tura mai dubawa yana iya rage maka ƙarfi a kan mai sayarwa. A shari'ar Attwood da Small ta 1838, masu sayen wata mahaƙar ma'adinai sun tura wakilansu su tantance abin da mai ita ya faɗa, wakilan suka ce gaskiya ne. Da aka gano ba haka ba ne, kotu ta hana su warware cinikin, domin da rahoton mutanensu suka dogara, ba da maganar mai sayarwa ba. A Amurka ma, sashe na 2-316 na dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ya ce wanda ya duba kaya kafin saye, ko aka ce ya duba ya ƙi, ba shi da garantin da doka ke bayarwa a kan aibin da dubawar ya kamata ta bayyana. Maganin wannan shi ne kada rahoton ya maye gurbin alkawarin mai mota. Duk abin da ya faɗa maka ta waya, shekarar ƙira, asalin inji, rashin haɗari, rashin bashi a kan motar, a rubuta shi cikin takardar ciniki a matsayin sharaɗi, a ƙara da cewa binciken da ka sa aka yi bai sauke masa wannan nauyi ba. Idan ya ƙi sa hannu a kan maganar da ya faɗa da bakinsa, ka samu amsar da ko ƙwararren ba zai ba ka ba.

Game da kuɗi, kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta cewa za a mayar maka idan rahoton bai gamsar da kai ba, tare da ranar da za a kammala dubawar. Sauran kuɗin a ajiye su hannun amintaccen kamfani na uku wanda kai ka zaɓa ka kuma tantance, wanda ba zai sake su ba sai mota da takardunta sun shiga hannun mai jigila. A rubuta lokacin da alhakin motar zai dawo kanka, domin daga wannan sa'ar ya kamata inshorarka ta fara aiki, kuma ka sa mai dubawar ya koma ranar lodi ya sake ɗaukar hoton lambobin shasi da inji da abin da mitar tafiya ke nunawa.