Waya ba ta yi alkawarin tashin manhajarka ba

Ka ce manhajar da kake rubuta wa masu shaguna tana aiki lafiya lau a wayarka, amma a hannun masu ita cinikin da aka shigar da la'asar ba ya isa saba, wato kwamfutar da ke tattara bayanan ta intanet, sai wayewar gari, wani ma sai mai shagon ya buɗe manhajar da kansa. Ka sa ta riƙa tura bayanai duk bayan minti biyar, kuma kana neman dabarar da za ta tilasta wa waya ta ƙyale ta ta ci gaba da aiki ko an kashe allo.

To ɗana, ka daina neman wannan dabarar. Duk wadda aka nuna maka yau, jira Android na gaba ya fito ka ga yadda za a toshe ta. Taka wayar tana yi maka biyayya ne saboda tana jone da kwamfuta tana shan caji, kuma wayar da ke caji ba ta shiga barcin da ake kira Doze. Tun Android 6, a 2015, aka kawo shi: in waya tana ajiye, allo a kashe, babu caji, sai ta yanke wa manhajoji intanet, ta ɗage ayyukansu, ta riƙa buɗe musu ɗan lokaci jefi-jefi, kuma tazarar tana ƙaruwa yayin da barcin ke nisa. Android 7 ya kai sassauƙan nau'insa har ga wayar da ke aljihun mai tafiya. Android 8, a 2017, ya hana manhaja riƙe aiki a bayan fage bayan an bar ta da ɗan lokaci. Android 9 kuma ya kasa manhajoji rukuni-rukuni gwargwadon yadda ake buɗe su, wadda ba a cika taɓawa ba rabonta ya ragu. Shi kansa WorkManager, kayan aikin Android na tsara ayyukan bayan fage, da ya kamata ka yi amfani da shi ba ya karɓar maimaici da ya gaza minti 15, kuma minti 15 ɗin ma mafi ƙarancin tazara ne, ba alkawari ba.

Wannan na Google ne kawai. Masu ƙera wayoyi da yawa suna ɗora nasu mai gadin batir a kai, kuma a wasu wayoyin in mutum ya share manhaja daga jerin waɗanda ya buɗe kwanan nan, daidai yake da ya tsayar da ita da ƙarfi. Manhajar da aka tsayar haka ba ta samun aikin da ta tsara, ba ta samun saƙon Firebase (hanyar Google ta aika wa manhaja saƙo daga saba), sai ran da aka sake taɓa ta. Ƙara da halin mutanenmu: mai shago yana kashe data da zarar ya gama duba WhatsApp, don kada ta ƙare masa. Babu umarnin da za ka rubuta a manhaja ya kunna masa ita.

Saboda haka ka ɗauki aikin bayan fage a matsayin gyara, irin wanda mai awo ke ƙara maka a kan mudu. In ka samu ka gode, amma ba a ɗora tukunya a kansa. Abin da zan so ka mai da hankali a kai shi ne: in aka kashe manhajarka a tsakiyar turawa, a kowace daƙiƙa, shin wani abu zai ɓata ko ya ninku?

Fara daga rumbun da ke cikin wayar. In mai shago ya danna "ajiye", cinikin ya shiga SQLite, wato wannan rumbun, nan take, allon kuma daga can yake karantawa, ba daga saba ba. A cikin wannan rubutun guda, ka saka layi a wani tebur na daban wanda aikinsa kawai riƙe abubuwan da ba a tura ba tukuna. Na ce rubutu guda da gangan: ko su shiga tare ko su faɗi tare. In ka raba su, wata rana batir zai mutu a tsakaninsu, a sami ciniki a waya wanda babu abin da zai tuna a tura shi.

Sai wurin da yawancin masu koyo ke zubewa. Waya ta tura cinikin buhun shinkafa, saba ta karɓa ta rubuta, amma kafin amsarta ta dawo sabis ya ɗauke. Ita waya a saninta bai je ba, sai ta sake turawa. Yanzu littafin mai shago ya nuna buhu biyu, shi kuma ɗaya ya sayar, kuma yaron shagon za a fara zargi kafin a zargi manhajarka. Maganinsa shi ne kowane ciniki ya samu lambar shaidarsa tun a waya, irin wadda ake kira UUID da ba ta cin karo da ta wani, lokacin da aka ƙirƙire shi, ba lokacin turawa ba. Saba ta riƙe waɗannan lambobi. In ta ga wadda ta riga ta gani, ta amsa da "na karɓa" ba tare da ta sake rubutawa ba. Waya kuma kada ta goge layi daga jerin jira sai wannan amsa ta iso hannunta. In ka gyara wannan, sake turawa sau goma ba ya cutar da kowa, kuma daga nan kisan da waya ke yi wa manhajarka ya zama jinkiri kawai.

Haka wajen saukowa da bayanai. Kada ka jawo komai a tashi ɗaya; WorkManager yana ba aiki kimanin minti goma ne ya tsayar da shi, sabis ɗin ƙauye kuwa ba ya jiran ko minti biyu. Jawo kaɗan-kaɗan, kowane kashi ka ajiye shi tare da alamar inda ka tsaya. Alamar nan saba ce za ta bayar, lamba mai hawa. Kada ka dogara da agogon waya. Za ka haɗu da wayar da aka cire wa batir ta koma wata shekara can baya, da wadda mai ita ya tura agogonta gaba don wani dalili nasa. Abin da aka goge ma kada saba ta share shi kwata-kwata. Ta sa masa alamar an goge, in ba haka ba wayar da ta yi mako ba ta hau intanet ba ba za ta taɓa sani ba.

Akwai kuma shagon da ke da waya biyu, ta maigida da ta yaro. Buhu 20 ne a sito, wannan ya sayar da 3, wancan ya sayar da 2, dukansu babu sabis. In kowace waya ta tura "saura kaza", ɗaya ta ce 17, ɗaya ta ce 18, wadda ta zo ƙarshe ta danne ta farko, alhali gaskiyar 15 ce. Tura abin da ya faru, "an fitar da 3", "an fitar da 2", saba ta yi lissafin. Sunan kaya ko lambar wayar abokin ciniki kana iya barin na ƙarshe ya ci. Kuɗi da adadin kaya, a'a.

Game da lokacin turawa kuwa, mafi alherinsa shi ne sa'ad da manhajar ke buɗe a gaban mutum, domin a nan babu mai taka maka birki. Da an buɗe ta, tura. Da an ajiye ciniki, ba WorkManager aiki guda mai suna ɗaya da sharaɗin akwai intanet, don kada ayyuka su taru a kan juna. In turawa ta faɗi, ka sa aikin ya nemi a sake, WorkManager da kansa zai sake gwadawa yana ƙara tazara. Aikin maimaici ka bar shi a baya don share ragowa. Saƙon Firebase kuma ka yi amfani da shi ya ce wa waya "akwai sabo, zo ki ɗauka", kada ka cusa bayanan a cikinsa. Ba ya ɗaukar fiye da kilobait 4, yana iya makara, kuma in kana aika mai babban fifiko ba tare da nuna wa mutum sanarwa ba, za a rage masa daraja.

Na san zuciyarka za ta raya maka ka kafa sanarwa ta dindindin a saman allo don manhajar ta zauna a raye. Android 12 ya hana fara irin wannan aiki daga bayan fage sai a wasu 'yan halaye, Android 14 ya ce sai ka faɗi nau'insa, Android 15 ya taƙaita na daidaita bayanai zuwa awa shida cikin 24. Ni ban ga amfaninsa ba sai in mutum da kansa ya danna tura abu mai nauyi yana kallo. In wata rana aka ce ka yi ta iPhone, can ma ya fi tsanani: kimanin daƙiƙa 30 ake ba ka, a lokacin da wayar ta ga dama, kuma in mutum ya share manhajar shi ke nan sai ya buɗe ta.

Kada ka ɓoye wa mai shago halin da ake ciki. Rubuta masa a fili, "ciniki 4 ba su tafi ba, turawa ta ƙarshe ƙarfe 2:10", da maɓallin da zai danna. Mutumin da ya ga haka zai kunna data da kansa kafin ya rufe shago.

Gobe ka aro ƙaramar itel ko Tecno irin wadda ke hannun masu shagunan, ba taka ba. Ka jona ta da kwamfuta, ka sa ta ɗauka an cire caji da umarnin adb shell dumpsys battery unplug, ka tura ta barci da adb shell dumpsys deviceidle force-idle, ka shigar da ciniki biyar, ka kashe data a tsakiyar na uku, sannan ka tsayar da manhajar da ƙarfi. In ka sake buɗewa, ƙirga layukan da ke saba ka kawo mini adadin.