Tambaya da Amsa: Wai waye ke biyan kuɗin Mastodon?

Tambaya: Salam Malam, na buɗe akawun a Mastodon wata biyu kenan ban taɓa ganin talla ko ɗaya ba, to wai da me suke cin abinci? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam Malama. Gaskiya da karo-karo suke rayuwa, kamar dai yadda 'yan unguwa ke haɗa kuɗin gyaran taransifoma. Mastodon dandalin sada zumunta ne, amma ba kamfani ɗaya bane ke riƙe da kowa irin Facebook, sabobi ne dubbai (wato kwamfutocin da ke ɗauke da akawun da rubutun mutane) kowacce da mai ita, shi ke biyan hayar saba duk wata, ga kuɗin ajiyar hotuna da bidiyo wanda shi yafi cin kuɗi, sannan ya zauna yana share zagi da 'yan damfara kyauta. Eugen Rochko ne ya ƙirƙiro manhajar a Jamus a 2016, kuma gudummawar jama'a ta shafin tara tallafi na Patreon ta daɗe tana riƙe aikin.

Da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022 mutane suka yi ta tururuwa zuwa Mastodon, nauyi ya ƙaru, wasu masu sabobin suka gaji suka rufe, abin da ciwo wallahi domin in aka rufe babu sanarwa rubutunki ya tafi. Shi yasa akwai alkawarin da sabobi da yawa ke ɗauka na bada sanarwar wata 3 kafin rufewa, ki duba ko taki ta ɗauka. In kuma kina da hali ki riƙa tura musu ɗan abin da ya samu duk wata.