Kar Ka Taɓa Ta Tukuna

Jiya ka tare ni a ƙofar ɗakin jarirai kana tambaya ko ka fara yi wa yarinyar gado na uku tausa da motsa gaɓoɓi, wai ka gani a waya yana sa bakwaini ya yi nauyi da wuri. Na wuce ban tanka maka ba. Tambayarka ce ta fama mini wani tsohon miki, shi ya sa. To, ɗana, amsar ita ce a'a.

Yarinyar nan a mako na 29 na ciki aka haife ta, kilo 1.1, yau kwananta uku a duniya. Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ba su kai silin gashi ƙwari ba, kuma a waɗannan kwanakin farko suka fi fashewa. Abin da take so daga hannunka shi ne ka ɗumama shi, ka tallafe kanta da tafi ɗaya, ka tattaro ƙafafunta da ɗayan, ka tsaya cak. Ba shafa, ba lailaya. Wanke hannu da yanke farce da cire agogo kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma ajin farko.

Abin da ka gani a wayar yana da asali. Wata mai bincike, Tiffany Field, ta yi aikin a Miami ta Amurka, ya fito a 1986: tausa da motsa gaɓoɓi na minti 15, sau uku a rana, kwana 10, yaran suka fi sauran ƙara nauyi da kashi 47 cikin 100, aka kuma sallame su kusan kwana shida kafin 'yan'uwansu. Sai dai yaran nan sun riga sun yi makonni a asibiti, sun fita daga haɗari. Wannan ne mai bidiyon bai gaya maka ba. Ku 'yan yanzu haka kuke, minti ɗaya a waya sai mutum ya ji ya zama gwani, hannunsa na ƙaiƙayi. Mu wata uku muka yi muna kallo kafin a bari mu sa hannu cikin kwalbar ɗumama jarirai.

Bari ka ji abin da ka tuna mini.

Wani Alhaji ne ɗan kasuwa, 'ya'yansa huɗu duk mata, sai ga namiji a mako na 31, kilo 1.3, ana tsakiyar hunturu. Mako biyar na yi a kan yaron nan. Uwar yarinya ce mai haƙuri, ta ɗaure shi a ƙirji da zani dare da rana, har barci a kishingiɗe take yi. Ni na riƙa shafa masa kumatu da dasashi da ƙaramin yatsana har ya koyi tsotso, aka cire masa bututun hanci. Ranar da ya kama nono da kansa uwar ta yi ta kuka, ni ma sai da na juya baya. Da ya kai kilo 1.8 uban ya matsa sai an tafi gida, wai dangi na jiran walima. Muka yi ciniki zan riƙa zuwa kowace yamma bayan na tashi aiki in ci gaba da motsa masa gaɓoɓi, za a biya ni a ƙarshen wata.

Kwana tara ina zuwa. Kakar yaron, Hajiya, tana zaune a tabarma tana kallona da wutsiyar ido. Sai Alhajin ya ce in koya mata ta riƙa yi da safe. Na ƙi sau biyu. Na uku na ji nauyinsa na yarda, kuma kuskurena ke nan, har gobe ban yafe wa kaina ba. Na nuna mata: ki riƙe cinya kusa da gwiwa, ki naɗe ta zuwa ciki a hankali kamar mai naɗe ganyen goro, sau biyar, in ya turje ki saki. Ta ce, "Malam, 'ya'ya tara na raina." Ita miƙar bayan wanka ta sani, wadda ake jan ƙafa a harɗe hannuwa. Ɗan da ya cika wata tara a ciki yana jurewa. Bakwaini ba ya jurewa, domin yawancin sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi a wata ukun ƙarshe na ciki yake shiga jikin ɗa, shi kuwa ya rasa biyu daga ciki.

Kwana biyu bayan nan na tarar da shi yana wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa, cinyar hagu ta kumbura, ƙafar a sake. Hoto ya nuna ƙashin cinya ya karye.

Alhajin ya shiga majalisa-majalisa yana cewa ni na karya masa ɗa. Ya kai ƙarata wurin aiki, aka ɗauke ni daga ɗakin jarirai wata shida. Kuɗin kwana goma sha ɗaya ko sisi ban gani ba. Uwar ta san gaskiya, don a gabanta aka yi, amma wace amarya ce za ta buɗe baki a kan surukarta? Duk wannan da sauƙi. Ƙashin jariri a 'yan makonni yake haɗewa. Abin da ke ci mini rai shi ne, saboda ɗaurin ƙafar suka raba shi da ƙirjin uwarsa, suka shimfiɗe shi a katifa cikin sanyin nan, ni kuma an hana ni shiga gidan. Aka dawo da shi jikinsa kamar randa, ma'aunin zafin jiki na nuna 34, alhali 36.5 ne mafi ƙaranci. Kwana biyu ya yi ya koma. Na san kwanansa ne ya ƙare, amma mutumin nan har yau in mun haɗu a masallaci shi ke ɗauke kai, kamar ni ne mai laifi.

Shi ya sa goyon ƙirji ya fi mini duk wata dabarar hannu. Likita Edgar Rey ne ya fara shi a Bogota ta Kolombiya a 1978, don kwalabe sun yi musu kaɗan, kamar dai mu in an ɗauke wuta. Yaro a ƙirjin uwa yana jin ɗuminta da bugun zuciyarta da ƙanshin nono, numfashinta na ɗaga shi yana sauke shi. Wane motsi zan ba shi da ya wuce wannan? Gwajin da aka yi a ƙasashe biyar, har da Ile-Ife a nan gida, ya fito a 2021, ya nuna fara goyon tun daga haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take, awa 8 zuwa 24 a rana.

In lokacin tausar ya yi, likita ya ce ta daidaita, da kaina zan tsaya a kanka. Ka danna da matsakaicin ƙarfi, domin shafar saman fata cakulkuli ce, firgita su take yi. Kuma idonka ya bar na'urar nan ya koma kan yarinyar. In ta baje yatsu kamar mai cewa dakata, ko ta yi hamma, ko shaƙuwa ta kama ta, ko launinta ya canja, ta gaji, ka ɗauke hannu ko da minti biyu ka yi.

Gobe ƙarfe bakwai ka same ni a gado na uku. Ka gaya wa uwar ta zo da zani mai tsabta da hular yarinyar. Wayarka kuma ka bar ta a aljihu.