Wai ana iya shiga wayata ban sani ba?

Tambaya: Salam malam, dan Allah wai da gaske akwai manhajar da ake shiga wayar mutum da ita ko bai danna komai ba? Tunda naji maganar nan ko hoto na daina turawa, gani nake kamar ana kallona ta kyamara. Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Eh da gaske ne, sunanta Pegasus, wani kamfani na Isra'ila mai suna NSO Group ne ya ƙera ta, har a 2019 WhatsApp ya maka su a kotu a Amurka kan an shiga wayoyin mutane kusan 1,400 da ita, a lokacin kiran WhatsApp kawai ake yi wa mutum ko bai ɗaga ba ta shige. Amma ki kwantar da hankalinki, kaya ne mai tsadar gaske da gwamnatoci ke saye, kuma yawancin waɗanda aka gano an bibiya da ita 'yan jarida ne da 'yan adawa da masu kare haƙƙin jama'a. Ba za a kashe irin wannan kuɗin a kan ni da ke ba.

Abinda yake cin mutanenmu kullum ba shi bane wallahi. Wani ne zai kira ki da ladabi, ya ambaci sunanki daidai don ya gani a guruf ɗin makaranta ko na biki, yace za ayi miting ta intanet an turo miki lambobi guda shida ta tes ki karanto masa ya saka ki, to wannan lambar ita ce mukullin WhatsApp ɗinki, kina karantowa shikenan ya koma wayarsa, nan take ya fara bin 'yan uwanki ɗaya bayan ɗaya wai kina asibiti a taimaka da dubu ashirin, su kuma ga hotonki ga sunanki sai su tura. Babu wani kutse na gwaninta anan, da bakinki kika bashi. Duk lambar da ta shigo ta tes kar ki faɗa wa kowa, ko yace daga banki yake. Sannan yau ɗin nan ki shiga setin na WhatsApp, Account, Two-step verification, ki saka lambar sirri taki. In GBWhatsApp kike amfani dashi ki goge, ba na kamfanin bane, bamu san wa ke riƙe da saƙonninki ba.

Tambaya: Malam wayata akwai makulli na yatsa, in aka ƙwace ta ai babu matsala ko? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Akwai matsala babba ɗan uwa, kuma nan ne nake so kowa ya damu. Ɓarawo baya wahalar buɗe wayar, sim ɗinka zai zare ya saka a 'yar ƙaramar waya, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, alat na banki da lambobin tabbatarwa duk kansa za su dinga faɗowa, daga nan ya fara lalube. Ka saka wa sim ɗin kansa PIN, yana cikin setin ɓangaren tsaro. Amma kar kayi ta canke, sau uku ka kuskure zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, don haka ka nemo katin tukuna. Ranar da tsautsayi ya faɗa, banki zaka fara kira su rufe asusu, sannan kamfanin layi, kafin ma ka fara cigiyar wayar.

Tambaya: Manhajojin bashi fa, suna ganin lambobin da ke wayata?

Amsa: In ka danna ka basu izini, ƙwarai kuwa, da su suke tozarta mutum a wajen surukansa in ya makara biya. Google ya hana masu bashi na Play Store taɓa lambobi da hotuna tun 2023, amma wanda aka turo maka ta link ka sauke a gefe babu ruwansa da wannan dokar, kar ma ka saka shi.